Zuwa ga Uwata, kafin ki sa wannan rigar

Aboabo, Kumasi
20 ga Yuli, 2022

Uwata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai ƙafar babanki da ta saba. Ba a bakinki na ji ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. A gidan suna na ji, ana tsakiyar rabon waina, wai an nemi nas-nas da za su kula da ɗakin killace masu sabuwar cutar nan, ke kuma kika miƙa sunanki tun ba a gama tambaya ba. Na yi murmushi a gaban mutane kamar da sanina. Da na dawo gida ko mayafi ban cire ba na zauna a bakin gado har aka kira la'asar. Ashe shi ya sa ba ki zo Babbar Sallah ba, kika ce aiki ne.

Kada ki ɗauka ban san abin da ake ciki ba. Na sa ƙanenki ya karanto mini komai daga wayarsa, sau biyu. Marburg sunanta, 'yar'uwar Ebola ce, daga jemage take tasowa, kuma ba ta da rigakafi ba ta da magani. Maza biyu ta kashe a nan jiharmu ta Ashanti a ƙarshen watan Yuni, ɗaya ɗan shekara 26, ɗaya 51, kwana ɗaya tsakaninsu, a asibiti guda. Zazzaɓi ne da amai da gudawa, irin waɗanda kike gani kullum ki ce maleriya ce ko taifot. Sai da aka kai jininsu cibiyar binciken cututtuka ta Noguchi a Akra, aka sake kai shi Dakar, sannan ranar 17 ga wata hukuma ta tabbatar. Yanzu ana bin sawun mutum sama da 90 da suka yi hulɗa da su, har kwana 21, kuma cikinsu akwai ma'aikatan asibiti. Irinku ke nan. Waɗanda suka share aman, suka canza zanin gado, ba su san abin da suke taɓawa ba.

Ina tuna 2014, kina makarantar jinya, muna kwana da rediyo. Kafin ta lafa, Ebola ta ci sama da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, ma'aikatan lafiya kaɗai sun haura 500. Ke da kanki kika ba ni labarin Dakta Adadevoh ta Legas, wadda ta hana mutumin nan na Laberiya fita daga asibiti, ta tsare birni guda da jikinta, ita kuma ta rasu a watan Agusta. Idonki na ƙyalli kina faɗa. Ni tun ranar gabana ya faɗi, don na ga abin da ya shiga ranki. Kowa na yabonta, kuma ta cancanta, amma ɗanta ba yabo ya nema ba.

Bari in faɗa miki abin da ke hana ni barci, don ban taɓa faɗa wa kowa ba, har babanki. Shekara 30 ke nan ina wankan gawar mata a unguwar nan. Ni na wanke Inna, ni na wanke Gwaggo Asabe, ni na wanke ƙanwarki da hannuna ba wanda ya ga hawayena. Na san yadda ake dafa ruwa ya yi ɗumi kamar mai rai ne zai shiga, na san yadda ake tsefe kai a raba shi uku, a sa kafur a wankan ƙarshe. Wannan cutar ba ta barin a yi haka. Gawa ma tana harbi, har ta fi mai rai. Leda ake sakawa a zuge, waɗansu masu fararen riguna da ba a ganin fuskarsu su ɗauka, in an yi sa'a a yi taimama daga nesa-nesa, dangi na tsaye can baya. Na yarda daidai ne, kuma da an tambaye ni zan ce wa matan unguwa kada wadda ta kusanci gawar da ba a san ciwonta ba, na ma fara faɗa musu. Amma ni, da na suturta 'ya'yan mutane ba adadi, a ce tawa ta tafi maƙabartar Tafo cikin leda ban ko shafa goshinta ba? Uwata, wannan nake gani da na rufe ido. A cikin sujada ma shi nake gani, Allah Ya yafe mini.

Kuma na san halinki, ni na haife ki. Ba ki iya ganin mai kuka ki ƙyale. Lokacin korona ke ce kika ce mini kin cire safar hannu kin riƙe wata tsohuwa don ta ce roba na ba ta tsoro. Kika faɗa kina dariya! Wannan ba tausayi ba ne, ganganci ne, kuma ba haka na rene ki ba. Ga taurin kai irin na gidan ubanki, ga sosa ido da bayan hannu in kin gaji, abin da na yi ta bugun hannunki a kai tun kina aji ɗaya. Kuna cewa na cika takura. Da ban takura ba, da kin kai inda kike?

Ba zan ce ki janye sunanki ba. Na so in ce, na rubuta na yaga. In kowace uwa ta riƙe tata, wa zai tsaya kan ɗan wata? Kuma in ba a tare ta a asibiti ba, nan zango za ta shigo, inda gida ɗaya ke da mutum 40 da bayan gida ɗaya. Amma ki ji sharaɗina. Kada ki shiga ɗakin nan sai kayanki sun cika, safar hannu biyu, takunkumi, gilashin ido, takalmin roba. In an ce babu, ke ma ki ce babu, ba a jin kunya a wurin nan. Ke kika ce mini wajen tuɓe rigar aka fi kamuwa, lokacin da gumi ya jiƙa mutum yana Allah-Allah ya sha iska. To, ki tsaya mai duba ki ya faɗa miki ɗaya bayan ɗaya, ki wanke hannu da ruwan kulorin a kowane mataki ko da ƙafarki na rawa. In allura ta soke ki, ko kin ji jikinki ya yi ɗumi, ki faɗa a take. Kada ki sha farasitamol ki ɓoye.

Gida kuma kada ki zo sai kin cika kwanakinki 21, ko da kin ji an ce na kwanta. Na aiko ƙanenki da dambun nama da shito da garin koko, zai ajiye wa mai gadi. Babanki ya sa a yi miki saukar Alƙur'ani ranar Juma'a, bai ce komai ba, amma jiya na gan shi yana goge hotonki na ranar kammala makaranta. Ki riƙa kirana bayan sallar asuba, ko da sallama kawai za ki yi ki kashe.

Mahaifiyarki