Rahoton Ayyukan Shekara: Ƙarancin Bitamin a Tsakanin Mambobinmu Masu Ciwon Huhu

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa.

Bana kwamiti ya fi mayar da hankali kan cimar marasa lafiyarmu, saboda abin da muka gani a ziyarar gida-gida lokacin hunturu. Wanda numfashi ke yi wa wuya ba ya cin tuwo ya ƙoshi. Loma biyu uku haki ya taso, ya ture kwano. Ga ƙura a waje, sai ya lafe a ɗaki. Wata baiwar Allah da ta shekara da shekaru tana tuyar ƙosai da icce, mun same ta a ƙuryar ɗaki, an toshe taga da tsumma. Ta ce rabonta da shan hantsi tun kafin sanyi ya shigo. A ƙasar da rana ta ishi kowa!

Likitan da ya yi mana bita ya ce fata ce ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta, kuma ƙarancinsa na raunana ƙashi da tsoka. Abin ya fi tsanani ga masu shan maganin rage kumburi na prednisolone a kai a kai, don shi ma yana cin ƙashi. Sai dai ya ja kunne: ƙwayar bitamin D ta fi rage tashin ciwon ga wanda nasa ya yi ƙasa sosai, don haka gwajin jini ne farko, ba rugawa kemis ba. Masu shan taba kuwa su guji ƙwayar beta-carotene, wadda jiki ke mayarwa bitamin A, domin wani bincike da aka yi a Finlan, aka fitar a 1994, ya nuna ta ƙara musu haɗarin kansar huhu.

Ranar 24 ga Maris, ranar yaƙi da tarin fuka ta duniya, mun zauna da masu karɓar magani. Wasu sun koka cewa tafin ƙafarsu na zugi kamar sun taka garwashi, har wani ya yi niyyar ajiye maganin kafin wata shidan ya cika. Ashe isoniazid da ke cikin maganin ne ke rage bitamin B6. Muka ce kowa ya tambayi ma'aikatan da ke ba shi magani a haɗa masa da pyridoxine, wato ƙwayar bitamin B6, kada ya daina sha da kansa.

Matan ƙungiya sun koyar da girki mai sauƙin ci: faten wake da manja, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, kifi in an samu hali, a ci kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Inda muka gaza, asusu ne. Gwajin bitamin D da tsada, kuɗin wata-wata kuma ba sa shigowa yadda ya kamata, shi ya sa 'yan ƙalilan kawai muka iya biya wa. Za a tattauna wannan a taronmu na Laraba ta uku a Nuwamba, ranar ciwon toshewar huhu ta duniya. Kowa ya zo da katinsa na asibiti.

Sakatare, a madadin kwamiti