Zancen Auta ne, ki karanta ke kaɗai

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Kafin ki fara mita, na ga saƙonninki duka, na ga kiran da kika yi ina aikin dare, na ga hoton yaran. Ba fushi nake ba, kuma ba maigidan ne ya ƙwace wayar ba kamar yadda kika rubuta. Magana ce ta cika min ciki, wadda ba ta saƙon murya ba ce, don na san halinki, kunnawa za ki yi a gaban kowa kina wanke-wanke. Ya yaran? Ya sanyi? Har yanzu ƙaramin da sunanki yake kiranki? Akwai ma abin da nake so in tambaye ki game da takardun nan naki, ki tuna min idan na gama.

Zancen Auta ne.

Kin san tun da ta fara aiki ta koma tsohon ɗakina. Umma ce ta aike ni in ɗauko mata bargo a durowar kayan, ina jan ƙofar sai ga kwalaye suna zubo min a ƙafa. Takalmi iri ɗaya kala uku, ɗaya ma ba lambar ƙafarta ba ne. Jakunkuna har yanzu da takardar nan da ake cusa musu a ciki. Mayukan fuska da wa'adinsu ya wuce ba a ko ɓare murfin ba. Fitilar nan mai kama da zobe ta masu ɗaukar bidiyo, Autar da ko hoto ba ta yarda a yi mata. Na leƙa ƙarƙashin gado, ledoji ne jere ba a yage ba, kuma adireshin da ke jikinsu na wurin aikinta ne. Wato can ake kai mata, ta riƙa shigowa da su ɗai-ɗai a cikin jaka don kada Umma ta gani.

Da ta dawo na rufe mana ƙofa. Da farko cewa ta yi rangwame aka yi. Na yi shiru. Ta ce wasu na ƙawarta ne ta ba ta ajiya. Na sake yin shiru, kin san shirun nan nawa da kike cewa ya fi zagi. Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Bashin da ke kanta, idan aka haɗa na manhajojin ba da rance da na abokan aiki, ya kai albashinta na wata huɗu. Amma ba bashin ne ya hana ni barci ba, abin da ta faɗa ne. Ta ce, "Yaya, wallahi in na danna sai in ji kamar an sauke min wani abu daga ƙirji. In kayan suka iso kuma, ko ganinsu ba na son yi."

Da son kaya ne irin namu, da da sauƙi. Ke ai ba ki da bakin magana, ban manta jan takalmin nan da ya sa kika yi sati kina ɗingishi kina cewa zai saki ba. Amma ke kin saka naki, kin yi yanga da shi, kin sha wahalarsa. Ita kayan ma ba su dame ta ba. Lokacin nan tsakanin dannawa da isowar mai kawo saƙo take biya wa kuɗi.

Na samu likitan ƙwaƙwalwa da muke aiki tare, na ce masa 'yar maƙwabtanmu ce. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ƙyale ni da ƙaryata. Ya ce abin ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba, tun 1915 wani likitan Jamus, Emil Kraepelin, ya rubuta shi a cikin cututtukan da yake gani. Ya ce a wani rahoto da ya fito a 2006, masu bincike na jami'ar Stanford sun tambayi manya sama da 2,500 a Amurka ta waya, suka samu kashi 5.8 cikin ɗari suna da wannan jarabar saye. Mata kashi 6, maza kashi 5.5. Ki karanta wa Oga wannan layin da ƙarfi, shi da yake cewa ciwon mata ne alhali yana canza waya kamar riga. Nasu dai ya fi tafiya a kayan lantarki da na mota, sai a ce sha'awa ce.

Abin da ya fi shiga kaina, wataƙila don aikina ne, shi ne misalin masu ciwon Parkinson, ciwon nan mai sa karkarwar jiki. Akwai magungunan da ake ba su masu aiki a hanyar dopamine, wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da jin daɗi, to wasu daga cikinsu, dattawan da ba su taɓa almubazzaranci ba, sai su tsunduma caca ko saye ba ji ba gani. A rage maganin ko a canza, sau da yawa abin ya lafa. Tun da na ji haka bakina ya yi nauyi wajen ce mata marar hankali. Ya kuma ce yawanci ba ya zuwa shi kaɗai, yana tafe ne da damuwa ko fargaba, ya tambaye ni ko 'yar maƙwabtan ta shiga wani hali kwanan nan. Sai na lissafa. Ledar da ta fi daɗewa a ƙarƙashin gadon ta watan da maganar nan ta lalace ce. Mu muna ta yabonta, wai Auta jaruma ce ko hawaye ba ta yi ba.

Af, kafin in manta, mai gilashin ajinmu ta haihu, tagwaye, duk maza. Ita da ta rantse mana daga ɗaya ta rufe. Kuma na haɗu da Sarkin Surutu a wajen biyan kuɗin makaranta, ya yi tumbi, ya yi furfura, amma bakin na nan yadda kika san shi. Ya tambaye ki har sau biyu. Na ce kina lafiya, kina da aure, kina da nisa. Ban ba shi lambarki ba, ki gode min.

To, da daddare na ce ta ba ni wayar mu kalla tare, ta miƙo. Akwai wata yarinya da take bi, kullum tana zaune a ƙasan kafet da kwali a gabanta, tana yanka salatif a hankali, tana cewa "'yan uwana, ku kaɗai zan nuna wa wannan." Murya ƙasa-ƙasa kamar mai ba da sirri. Ta ɗaga abu ta juya shi a haske, ta rufe ido, ta ce ya canza mata rayuwa. Na koma baya a shafinta, sati biyu da suka wuce wani abin daban ne ya canza mata rayuwar. Na nuna wa Auta lambar rangwamen da yarinyar ke cewa a saka, na ce wannan lambar ita ce shaidar da kamfani ke gane cinikin ta hannunta ya biyo, a ba ta kamasho, kuma galibin kayan da irinsu ke buɗewa kyauta ake aiko musu. Kin san amsar da ta ba ni? Wai wannan ba ta ƙarya, don har kuka ta yi musu lokacin da mahaifiyarta ke asibiti.

Nan jikina ya yi sanyi. Mai talla a talabijin kin san mai talla ne, kina iya tashi ki ba shi wuri. Wannan kuwa Auta ta san launin labulenta, ta san sunan kyanwarta, ta yi mata addu'a. A wajenta ƙawa ce ke ba ta shawara, ƙawar da ba ta san da zamanta a duniya ba. Kuma ita ce ke nan a farke ƙarfe biyun dare lokacin da mu 'yan uwan muke minshari.

Ni ban ce duk macuta ba ne, sana'a ce, wasu ma suna rubuta cewa talla ce. Amma ki duba manyan. A 2022 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta sa tauraruwar nan Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin kirifto a Instagram ba ta bayyana dala 250,000 da aka biya ta ba. Faransa sai da ta yi musu doka sukutum a 2023: dole a rubuta talla ce, dole a faɗa idan an gyara hoton fuska ko jiki, an hana su tallan tiyatar kwalliya, wanda ya taka yana iya shan ɗaurin shekara biyu da tarar yuro 300,000. A Los Angeles har ɗaki aka ƙawata kamar cikin jirgin sama na masu kuɗi, ana haya da awa, ki zauna jikin tagar ƙarya a ɗauke ki. Na ba Auta wannan labarin ta yi dariya, dariyarta ta farko a ranar. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne salon da suka ɓullo da shi a farkon 2023, na cewa "kada ku sayi wannan, asarar kuɗi ce." Sai ki saki jiki ki ce ga mai gaskiya. Kafin bidiyon ya ƙare ta ɗago wanda za ki saya a madadinsa.

Sannan ita kanta wayar. Da, kafin ki sayi abu sai kin shirya, kin fita, kin ƙirga kuɗi da hannunki kin ji zafin rabuwa da su, a hanya ma kina iya fasawa. Duk waɗannan matakan an bi su ɗaya bayan ɗaya an cire, kuma da gangan. Tun 1999 Amazon ta yi rajistar mallakar saye da danna ɗaya. Shafin nan da ba ya ƙarewa, kina ja yana zuwa, Aza Raskin da ya ƙirƙiro shi a 2006 daga baya ya fito ya ce ya yi nadama. Wasu malamai a jami'ar MIT sun taɓa yin gwanjon tikitin ƙwallon kwando, waɗanda aka ce da kati za su biya suka taya kusan ninki biyu na masu biya da tsabar kuɗi. Yanzu ga "karɓi yanzu, biya daga baya," irin na su Klarna, a raba miki kuɗin gida huɗu ki ga kamar ba komai. Auta tana da irin wannan rabon har ba ta san adadinsu ba, kowanne ƙarami, ranar albashi su taru su yi mata rubdugu. Ga agogon da ke ƙirga mintuna a saman shafi, ga "saura biyu kacal." Na sa ta buɗe wata riga da aka ce saura biyu tun satin da ya wuce. Har yanzu saura biyu.

Yaya Babba ya ji, ba daga bakina ba. Kin san shi. Ya ce a ƙwace katin, a faɗa wa Umma, shi zai biya bashin gaba ɗaya a wuce wajen. Mun yi sa-in-sa sosai, har ya ce aikin asibiti ya sa na fara raina shi. Ni dai ra'ayina, in ya share bashin yau, gobe manhajojin nan za su ƙara mata adadin da za ta iya ranta, don ta zama mai biya a kan lokaci. In kuma aka tara mata jama'a, yarinyar da ta iya ɓoye wannan tulin a gida ɗaya da Umma za ta ƙara ƙwarewa ne kawai a ɓuya. Daga ƙarshe ya yarda zai biya masu kuɗin ruwa mai yawa, sauran ita za ta biya da guminta. Umma ba ta sani ba, hawan jininta ya ishe ta, don haka in kun yi waya ki kama bakinki.

Abin da muka yi zuwa yanzu kaɗan ne. Ta goge lambar katin daga duk inda ta ajiye, ta cire manhajojin, ta daina bin yarinyar da ire-irenta, da hannunta, ina kallo ban sa baki ba. In ta ga abu ya tsaya mata a rai, ta rubuta a takarda ta bari ya kwana biyu. Likitan ya ce babu wani ƙwaya da aka ware wa wannan, abin da ya fi nuna amfani shi ne zama da ƙwararre a koya wa mutum gane abin da ke tunzura shi kafin hannu ya kai ga waya. Ta je zama na farko, ta dawo tana cewa matar ta cika tambaya.

Kada ki ɗauka an gama. Shekaranjiya mai kawo saƙo ya yi sallama da wani ƙaton kwali. Robobin jera kaya ne, masu murfi, wai ta ga bidiyon yadda ake tsara ɗaki don a rage tarkace. Na rasa kuka zan yi ko dariya. Amma gida ta sa aka kawo, kuma ita ta kira ni ta faɗa min kafin in gani.

Ga abin da nake so da ke. Ki kira ta. Ba ta da wadda take jin maganarta kamar ke, tun tana bin mu da kuka in za mu fita. Kada ki nuna kin san komai, kada ki yi mata wa'azin nan naki mai farawa da "ni a lokacinmu." Hira kawai, ki tambaye ta aiki, ki ba ta labarin maƙwabciyarki mai karnuka. Bambancin lokacinmu ma ya yi daidai, lokacin da kike dawowa daga aiki ita ce a farke tana juyi a gado. Kuma don Allah ki daina turo mata bidiyon nan na "ki ga wannan zai yi miki kyau." Na gan su a wayar, har da na jakar da yanzu haka take cikin durowa da takardarta. Ba laifinki na gani ba, amma na gani.

Gobe da safe nake, idona har ya fara rufewa. Muna sayar da abin da ba a iya mayarwa ba, kuɗin na tafiya kan bashin. Akwai takalma lambarki, masu faɗin gaba, irin waɗanda ƙafar nan taki za ta shiga ba faɗa. In kina so ki faɗa in ajiye miki har a samu mai tahowa, amma biya za ki yi, ba ragi.

Ki gaida Oga, ki shafa min kan yaran.

Taki har kullum.