Godiya ga gidan abincin da ya shimfiɗa wa Inna tabarma

Assalamu alaikum.

Zuwa ga mai gida da duk ma'aikatan gidan abincin nan na bakin kwalta, inda ƴan wasan Kano da manyan mawaƙa ke cin abincin dare in sun shigo Damagaram. Ni malamin makaranta ne a nan Zinder, asalina ɗan Mirya, kuma ban taɓa ɗaukar alƙalami don yabon wani ɗan kasuwa ba. Yau kwana 9 da muka zo wurinku, ni da mahaifiyata da ƴata, amma har yanzu abin bai bar raina ba. Shi ya sa na ga gara in yi godiyar a bainar jama'a.

Shekara 3 Inna ta yi yanar ido ta rufe mata gani, sai dai a ja ta da sanda. Cikin bazarar nan Allah ya sa aka yi mata aiki a ido ɗaya, ta zauna gidana a unguwar Garin Malam tana jinya. Ranar da aka buɗe idon ta kalli jikanyarta ta daɗe ba ta ce komai ba, don rabonta da ganin fuskar yarinyar tun tana ƴar ƙarama. Daga nan suka shaƙu, kullum da dare suna kan tabarma ɗaya, yarinya tana nuna mata abubuwa a waya. A nan ta ga gidan abincinku, da fitilu, da wani mawaƙi yana zaune ana ta ɗaukarsa hoto. Sai ta ce da ni: “Tunda Allah ya maido mini da idona, ka kai ni in ga wurin nan kafin in koma gida.”

Na ce to, amma na yi ta jan ƙafa har mako biyu. Ba kuɗi ne suka hana ni ba, tsoro ne.

Bara na kai maiɗakina wani gidan abinci na ƴan gayu a garin nan, ba zan faɗi sunansa ba. Muka zauna kusa da fanka, muka fi rabin sa'a ba wanda ya ce mana sannu, masu hidima suna wuce mu kamar ba mutane ne a wurin ba. Can sai ga wata babbar mota ta tsaya. Nan take wani yaro ya zo ya ce: “Malam, ku ɗan matsa can, an riga an kama teburin nan.” Ba wanda ya kama shi, ni na sani, shi ma ya sani. Aka mai da mu bakin ƙofar madafa inda hayaƙi ke fita, abinci ya iso a sanyaye, da aka kawo lissafi kuma har da lemon da ba mu sha ba. Duk wannan zan iya haƙuri da shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne kallon da yaron ya yi wa takalmin matata kafin ya yi magana, ya auna mu daga ƙasa zuwa sama, ya yanke hukunci. Ba ta ce komai ba har muka isa gida, kuma tun ranar ba ta ƙara cewa mu fita cin abinci ba. To in an yi wa matar malamin makaranta haka, me za a yi wa tsohuwa ƴar ƙauye mai zane da mayafi da silifa, tana dogara sanda? Wulaƙancin da zan shanye a kaina ba zan iya ganin an yi wa wadda ta haife ni ba.

Da ta sake tuna mini, na rasa abin faɗa, muka hau adaidaita bayan magariba.

Tun daga ƙofa na fara ganin bambanci. Mai gadi ya taso ya riƙe mata sanda har ta sauko. Sannan wani saurayi dogo cikin masu hidima ya tarye mu, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. Ba zan ambaci sunansa ba don kada in sa shi jin kunya, ku kun san shi. Bai kalli ƙafar kowa ba. Ya durƙusa har ƙasa ya ce: “Inna, sannu da zuwa, yaya ƙarfin jiki?” Da ya lura tana kare ido da gefen mayafi, sai ya tambaye ni a hankali ko aiki aka yi mata. Na ce e. Ya ce to ba zai kai mu cikin ɗaki ba, hasken fitilun can zai dame ta, akwai wuri a tsakar gida ƙarƙashin itace mai iska da haske kaɗan. Muka isa, ta tsaya tana duban kujerun nan masu tsawo, ga gwiwa ba lafiya. Kafin in buɗe baki ya ce: “Inna, kujera kike so ko tabarma?” Ta ce: “Ɗana, in da tabarma ai ta fi.” Ya je ya ɗauko, ya ɗora darduma a kai, ya kawo matashi ya jingina mata da gindin itacen. A gidan da manyan mutane ke zuwa a ɗauke su hoto, aka shimfiɗa wa uwata tabarma ba tare da wani ya yi dariya ko ya taɓa ɗan'uwansa ba.

Sai ga shi da buta da tasa da sabulu, don ya gane ba da cokali za ta ci ba. Ya zuba mata ruwa da kansa ta wanke hannu, ya kawo wani mai sanyi a kofi kafin mu ce ga abin da muke so. Wanda ba ɗan Damagaram ba zai ce mene ne abin faɗa a ruwa. Mu mun san garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram, kuma in bazara ta kama famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, sai bin ƴan ga-ruwa da jarkoki. Wurare da yawa yanzu ko makurwa ɗaya sai ka saya. Ku kuwa kun fara da abin da iyayenmu suka koya mana a fara yi wa baƙo.

Inna tana da hawan jini, an hana ta gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Na faɗa masa ina zaton zai ce “ba matsala” ya kawo abin da ke tukunya, kamar yadda aka saba. Ya shiga madafa ya dawo ya ce gaskiya miyar yau duk an riga an sa mata, ba zai ɓoye mana ba, amma mai girki ta ce za ta yi sabon dambu da zogale, a gasa zabuwa ba yaji, in za mu jira kamar rabin sa'a. Muka jira, kuma lokacin da ya faɗa bai wuce ba. Abinci ya yi daɗi, wannan kowa ya san ku da shi, ba sai na tsaya a kai ba.

Muna cikin ci bayan isha'i sai hayaniya ta tashi a ƙofa. Wani sanannen mawaƙi ne ya iso da jama'arsa, sun fi 15, samari na ta ɗaga waya. Gabana ya faɗi, don wurin da muke shi ya fi ko'ina iska. Na ga ɗaya daga cikinsu ya nuna wajenmu yana magana da mai kula da gidan. Wallahi har na miƙa hannu na fara jawo takalman Inna, ina tunanin yadda zan gaya mata mu tashi ba tare da ta gane ba. Sai na ji mai kula da gidan ya ce, ba da ƙarfi ba kuma ba da fushi ba: “Tsohuwa ce ke cin abinci a nan, ku zo in haɗa muku tebura can.” Shi ke nan. Suka bi shi, aka yi musu hidimarsu yadda ya kamata, saurayin nan kuma bai yar da mu ya ruga wurin masu kuɗi ba, yana zuwa yana dubawa ko da abin da Inna ke so.

Ba a jima ba wuta ta ɗauke. Wannan ba laifinku ba ne, tun 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya muka ƙara sanin zaman duhu, kuma ko bayan an ɗage takunkumin da aka sa wa Nijar a 2024 bazara ba ta daina gwada mu ba. Kafin injin ya tashi akwai ɗan lokaci da ko tafin hannu ba a gani. Na ji Inna ta damƙe hannuna, jikinta na rawa. Mutumin da ya shekara 3 cikin duhu, in haske ya ɓace farat ɗaya, abin da ke zuwa ransa daban ne. A cikin wannan duhun, ga baƙi manya suna kira ta ko'ina, fitilar farko da aka kunna wurinmu ta nufo. Saurayin nan ne, ya haska ƙasa don kada ya kashe mata ido, ya ce: “Inna, wuta ce aka ɗauke, ba idonki ba ne, yanzu za ta dawo.” Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ita kuwa ta ce: “Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifa.”

Na yi ta tambayar kaina me ya sa wannan ya zama abin mamaki a Damagaram. Garin da tun zamanin Sarki Tanimu ayarin Agadas da fataken Kano ke sauka, garin da sunan unguwarsa guda Zango, wato masaukin baƙi, garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926 kafin a mai da shi Yamai. Yau kuwa je ka neman takarda a wani ofis, sai an fara duba rigarka, sannan a ce ka dawo gobe, wanda ya zo bayanka da mota a shigar da shi ta ƙofar baya. Je ka wani kanti, yaron shago yana latsa waya, ko kai ba zai ɗaga ba. Tsofaffi su suka fi shan wahala, su da ba su iya Faransanci ba, ba su san wa za su kira ba, sai su rakuɓe a rana da takardu a hannu har a tashi aiki. Ina ganin wannan kullum, kuma ina jin ciwonsa, don yaran da ke yin haka ta hannunmu malamai suka wuce.

Lissafinmu ya kama jika 11 da dala 100, wato sefa 11,500, ba ƙari ko na dala ɗaya. Ga mai albashin malami ba kuɗi kaɗan ba ne, amma ban taɓa biyan kuɗi da farin ciki irin na ranar ba. Roƙona ga mai gida guda biyu ne. Ku riƙe saurayin nan da kyau, ku kyautata masa, ku sa sababbin ma'aikata su koya a wurinsa. Sannan dakalin ƙofar shiga ya yi wa tsofaffi tsawo, in da hali a ƙara masa ɗan matakala.

Inna ta koma Mirya ranar Lahadi. Jiya ta aiko da saƙo ta hannun ƙanena: sabuwar randa ƴar Mirya, irin wadda ke sanyaya ruwa ko wuta ta ɗauke, da kwandon mangwaro daga garkar gidanmu. Ta ce randar ta gidan ce, a ajiye ta bakin ƙofa don baƙi, mangwaron kuma na “ɗana mai fitila” ne. In Allah ya kai mu Alhamis, in na taso daga kasuwar Dole, zan biyo in kawo muku.

Wassalam,
wani malamin makaranta daga Garin Malam, Zinder.