Takardar Koke Kan Filin Makarantar Sakandaren Garinmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu,
Ta hannun Mai Girma Uban Ƙasa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, magajin Kanta. Bayan gaisuwa da biyayya, mu dattawan gari da iyayen yara da tsofaffin ɗalibai muna kawo kukanmu a kan filin makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta garinmu, wanda wasu suka fara yankawa fuloti-fuloti suna sayarwa.

Ranka ya daɗe, makarantar nan da hannunmu muka gina ta. Da aka kawo shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yaran garin nan sun cika firamare, amma da suka gama aji shida a 1982 babu inda za su wuce. Wanda ya ci jarrabawa, iyayensa kuma suna da hali, shi ke tafiya makarantar kwana a Argungu ko Birnin Kebbi ko Sakkwato. Sauran su koma fadama da kamun kifi. 'Yan mata kuwa nan karatunsu ke tsayawa. Ganin haka iyayenmu suka zauna, masu gonaki a kan tudu suka ba da su kyauta saboda Allah, aka kira gayya. Samari suka kwaɓa ƙasa suka buga tubali, mata suka yi ta jidar ruwa, kowane magidanci ya kawo damin gero ko na shinkafa aka sayar aka sayi kwano. Daga baya ne gwamnatin Jihar Sakkwato ta wancan lokaci ta karɓa ta turo malamai.

Tun daga nan gaba take ci. An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, aka ƙaddamar da shirin UBE na ilimin bai-ɗaya a matakin farko a Sakkwato a 1999, dokarta ta 2004 ta sa ƙaramar sakandare ta zama kyauta kuma dole, sai ƙauyukan kewaye suka kwararo da 'ya'yansu. Aka buɗe babbar sakandare. Yau 'ya'yan da muka yaye suna karatu a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da jami'ar Aliero da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wasu sun dawo suna koyarwa a azuzuwan da suka zauna. Mace mai naƙuda a garin nan yanzu 'yarmu ce ke karɓar haihuwarta.

Iyayenmu da gangan suka ba da fili fiye da abin da ake bukata a lokacin, don sun san yara za su ƙaru. Sai dai da baki aka yi kyautar, kamar yadda aka saba. Ba takarda, ba dutsen safiyo. Iyaka ita ce tsamiya a gabas, burtali a arewa, da shaidar mutanen da suka halarta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun da aka ƙaddamar da bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015 kuɗi ya shigo, ƙasa ta yi daraja. Ambaliyar 2020 kuma ta koro mutanen bakin fadama zuwa tudu, tudun da ya rage kuwa shi ne na makaranta. Ba mu ga laifin wanda ruwa ya cinye wa gida ba, ɗan'uwanmu ne. Kukanmu yana kan masu sayar da abin da kakanninsu suka riga suka sadaukar.

Inda aka tanada don ɗakin gwaje-gwajen kimiyya an haƙa tushen gida. Yaranmu suna zana WAEC da NECO ba su taɓa riƙe kayan gwaji ba, JAMB kuma da kwamfuta ake yin ta tun 2015. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne katanga. Tun da 'yan bindiga suka sace ɗalibai a makarantar sakandare a Birnin Yauri a watan Yunin 2021, uba ba ya sakin jiki ya tura 'yarsa makarantar da babura da shanu ke ratsawa ta tsakiya. To, a ina za a ɗora katanga alhali ba a san iyaka ba?

Allah ya ƙara maka nasara, roƙonmu shi ne a ba da umarnin dakatar da sayarwa da gini a filin, sannan Uban Ƙasa da maigari da liman su taka iyakar tare da dattawan da aka yi kyautar a gabansu. Sun yi kaɗan, kuma sun tsufa ƙwarai. Mun san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa takardar mallaka a hannun gwamnati, shi ya sa muke neman Sarki ya sa baki a turo safiyo, a kafa duwatsu, a ba makarantar takardarta. Waɗanda suka saya cikin rashin sani har suka gina, muna roƙon a sama musu musanya, kada a rushe wa marayu ɗaki a bar su a rana. Tubalin katanga da aikinta mun ɗauka, za mu sake kiran gayya da zarar an gama girbi.

Sa hannunmu da dangwalen yatsunmu suna haɗe da wannan takarda.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Dattawan gari, iyayen yara da tsofaffin ɗaliban makarantar.