Masu son kumbar teku a gida, ku fara da derasa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni fili in ja kunnen samarinmu na Kaduna da suka fara kiwon halittun teku a akwatin gilashi, wai kowa sai ya ce kumbar teku nau'in maxima ko crocea yake so saboda shuɗin nan mai ƙyalli. Toh waɗannan biyun hasken fitila mai ƙarfi suke so sosai, don yawancin abincinsu daga 'yan ƙananan tsirrai da ke cikin namansu yake fitowa, kuma mu nan kowa ya san halin wuta, in ba ka da sola da inbata kawai ka haƙura.

Ɗan koyo ya fara da nau'in da ake kira Tridacna derasa, ta fi juriya kuma haske matsakaici ma ya ishe ta, sai dai fa tana girma har wajen santimita 60, kuma tana shan sinadarin kalsiyam na cikin ruwan ba wasa. Nau'in gigas kam kar ma a fara, tana wuce mita ɗaya.

Wajen saye ka gitta hannu ta samanta, mai lafiya nan take za ta tsuke. Wadda ta wangale baki ka bar musu kayansu. Sannan zafin Maris da Afrilu, ruwan kar ya wuce digiri 28.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna