Zuwa ga aminina a Fatakwal

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiya, an shigar da amfanin gona, hunturu ya kankama.

Mutumina, kufan nan na bayan gari da ake hana mu kai awaki muna yara, wai akwai iskoki, bana ya yi baƙi. Ɗaliban jami'a masu karatun tonon kayan tarihi ne suka zo koyon aiki da malamansu. Nan take gari ya ɗauka zinare suke nema, ka san mutanenmu. Amma ba su taɓa ƙasa ba sai da suka faɗi gaban dagaci, suka zauna da dattawa, sannan suka ɗauki samarinmu aiki, har da ƙanenka.

Aikin na masu haƙuri ne. A ja zare a yanki ɗan fili, a kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, a tankaɗe ta da rariya. Abin da ke fitowa tsingaro ne da kashin tama da gawayi, kuma gawayin suka fi ji da shi, domin shi ake aunawa a gano shekarun wurin. Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da aka kira tsohuwar nan maginiyar tukwane. Tana ɗaukar tsingaro sai ta ce wannan wuyan tulu ne, wancan gindin tukunyar tuwo, zanen jikinsa kuma igiya aka murza a kan ɗanyen yumɓu. Malamin da kansa ya durƙusa yana rubutawa.

Da dare a dandali ya ba mu labarin da ke cikin tsohon kundin tarihin Kano: Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano, Yaji kuma, tsakanin 1349 da 1385, ya ci garin Santolo da yaƙi bayan zuwan Wangarawa, malaman da suka zo daga Mali. Sai dai shi kundin, sarakuna kawai ya sani. Maƙeran da suka narka tama a kufanmu, ba wanda ya rubuta su.

Ni damuwata ɗaya ce. Kayan za su tafi ɗakin bincike, wataƙila su ƙare a wani gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano, mu ko oho. Shi ya sa a taron sallama na roƙi su dawo mana da sakamakon da Hausa, a liƙa hotuna a firamare. In yara sun san abin da ke wurin, watakila a daina kwasar ƙasar tsohuwar ganuwar kufan ana yin tubali, don ɓangaren gabas ya kusa ƙarewa.

Alfarma nake nema. Marigayi Baba, Allah ya jiƙansa, ya sha lissafa mana sunayen ƙofofin kufan. Dattawa sun tuna wasu, sun yi saɓani a kan sauran. Rubuto mini duk wanda ka riƙe kafin ɗaliban su dawo.

Ka gaida uwargida da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce yaushe rabonka da gida.

Naka,
Amininka