Ba kowane fasto ne ke da jirgin sama ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya jama'ar gidan rediyo?

Ni tela ne a nan Jidda, shekarata goma sha tara a ƙasar nan, kuma shirinku na daren Lahadi ba ya wuce ni, a waya nake saurare ina taka keke. Na makon jiya da kuka yi kan shugabannin addini masu tara dukiya shi ya sa nake rubuto muku. Kun faɗi gaskiya a wurare da yawa, akwai masu jirgi akwai masu jerin gwanon motoci, a ɓangarenmu na Musulmi da na Kiristoci duka. Amma wani bawan Allah ya bugo waya yace shi bai taɓa ganin fasto talaka ba, wai duk 'yan kasuwa ne, mai gabatarwa kuma ya bar maganar ta wuce haka nan. To ni dai na ga fasto talaka da idona, don babana ne ma yake masa ɗinki.

A Sabon Garin Zariya na tashi. Shagon Baba yana bakin titi, cocin Metodis kuma, wata ɗariƙa ce ta Kiristoci, layi biyu ne a bayanmu. Wajen 1991 aka kawo musu sabon fasto, mutumin Idoma daga Binuwai, siriri, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Baba yana ce masa Rabaran, shi kuma yana ce wa Baba Malam, mu yara Baba Fasto muke cewa. Baƙaƙen riguna biyu gare shi na aiki, irin masu tsagar nan a wuya da ake zura farin abu. In wuyan ya cinye sai ya kawo wa Baba ya farke ya juya shi ciki ya koma waje ya sake ɗinkewa, kuma duk tela ya san wanda yake kawo juyin wuya ba mai kuɗi ba ne. Baba yakan ce Rabaran bar shi kawai, shi kuma sai ya faki ido ya tura kuɗin ƙarƙashin almakashi ya fita.

Aikinsa ba na ranar Lahadi kaɗai ba ne kamar yadda da yawanmu muke zato. Ban da cocin cikin gari akwai wasu ƙanana guda uku a ƙauyuka da suke hannunsa, su suna ce wa wannan haɗin sakit, wato zagayen da fasto ɗaya yake yi, wannan makon yana nan wancan makon yana can, inda bai samu zuwa ba kuma sai wani malamin makaranta ko ma'aikacin reluwe da aka horar ya yi wa'azi a madadinsa. Wani tsohon babur gare shi da ɗan littafi a aljihun gaba, a ciki yake rubuta wa ke kwance a asibiti, wa aka kulle a gidan yari, wace ce mijinta ya rasu ba a je mata gaisuwa ba. Tun hantsi zai fita sai bayan magariba za ka ji ƙarar babur ɗin ya dawo.

Daren da ba zan manta ba shi ne wanda ƙanena ya kama jijjiga, yana ɗan shekara uku, zazzaɓi ya yi masa yawa, ƙarfe biyun dare ba mota ba acaɓa. Baba ya ruga ya buga ƙofar Rabaran saboda shi kaɗai ke da abin hawa a kusa. Mutumin nan ko takalmi bai tsaya nema ba, da silifas ya fito, ya goya Baba da yaron har asibiti, kuma bai juyo ba, ya zauna kan benci har aka kira assalatu. Da Baba ya fara waige-waige sai yace Malam je ka yi sallarka, ni zan tsaya a kansa. Har Baba ya koma ga Allah yana ba da wannan labari. Kuma a shekara biyar da muka yi maƙwabtaka ko sau ɗaya bai taɓa ce wa ɗayanmu zo coci ba, in azumi ya zo ma matarsa ce ke aiko mana da lemo da ayaba na buɗa-baki.

Rana ɗaya sai ga takarda an mayar da shi wani gari. Kayansa kaf a-kori-kura ɗaya ta kwashe, katifu, tukwane, akwatin littattafai. Baba yace yanzu Rabaran ba za ka roƙa a bar ka ba, ga yara suna tsakiyar karatu? Yace a tsarinsu fasto ba ya zaɓar wa kansa wuri, hukumar coci ce ke turawa, kuma haka abin yake tun daga wanda ya kafa tafiyar.

Sai da na girma na bi tarihin. John Wesley sunansa, Bature ɗan Ingila, an haife shi a 1703 ya rasu a 1791. Limamin cocin Ingila ne, amma a 1739 ya fara fita fili yana wa talakawa wa'azi a wajen Biristol, yankin masu haƙar kwal da ba sa shiga manyan coci. A kan doki ya ƙarar da rayuwarsa, an ƙiyasta ya yi tafiyar mil 250,000 da wa'azi wajen 40,000. Ya raba mabiyansa ƙungiya-ƙungiya ta mutum kamar goma sha biyu, duk mako su haɗu a tambayi kowa halin da yake ciki a tara ɗan kwabo, ina jin daga nan littafin aljihun Baba Fasto ya samo asali. Ya yi rubutu yana la'antar cinikin bayi a 1774. Abin da ya fi tsaya min a rai wasiyyarsa ce, yace kar a yi masa jana'izar ƙasaita, talakawa shida su ɗauki gawarsa a ba kowanne fam ɗaya.

Wanda ya kawo tafiyar Najeriya kuma Thomas Birch Freeman ne, ubansa baƙar fata uwarsa Baturiya. Ya sauka a gaɓar Gana a 1838, matarsa ta rasu 'yan makonni da isowarsu, bai koma gida ba, ya ci gaba har Kumasi, sannan ya iso Badagiri ranar 24 ga Satumba 1842, daga nan ya wuce Abekuta. A Akara ya rasu a 1890. Cocin Metodis na Najeriya ya fara cin gashin kansa a 1962.

Watan da ya wuce ɗansa, abokin wasana na yarinta, ya nemo ni a WhatsApp yace Baba Fasto ya rasu a ƙauyensu kusa da Otukpo, a gidan da ya gina bayan ritaya wanda har yanzu ba a yi wa filasta ba. Yace da suna haɗa kayansa sun tarar da littattafan aljihun nan cike da kwali, ya turo min hoton shafi ɗaya, ga sunan ƙanena da rubutun hannunsa, a ƙasa ya sa ɗan Malam tela, ya samu sauƙi. Wallahi sai da na kashe keken na fita waje na ɗan tsaya. Allah ya ba iyalansa haƙuri.

Na ba da labarin a shago muna shan shayi bayan isha'i, sai na lura da wani abu. Yaran da nake koya wa ɗinki a nan aka haife su, wasu kakanninsu a ƙafa suka zo aikin hajji ta Sudan suka zauna, Hausa suke yi a gida amma ba su taɓa maƙwabtaka da fasto ba, nan kuwa ba coci, duk abin da suka sani a kansu daga guntayen bidiyon waya ne da shirye-shirye irin naku. Wani dattijo yace min Malam ka yi hattara da yabon wanda ba Musulmi ba. Nace Baba ni Musulmi ne ina kan addinina daram, abin da na gani kawai na faɗa, kuma kar mu manta daga gaɓar Shu'aiba nan kudu da Jidda sahabbai suka shiga jirgi zuwa Habasha wajen Najjashi, lokacin yana Kirista, saboda Annabi (SAW) ya shaide shi da cewa ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Dattijon ya yi shiru ya ƙara min shayi.

Roƙona Malam Edita, tunda kun yi shiri kan masu jirgi, dan Allah ku yi wani kan masu babur. Ku tura wakilinku Binuwai ko Kaduna ko Jos ya nemo tsofaffin fastocin Metodis da suka yi ritaya, ya tambaye su gari nawa aka zagaya da su, yaya karatun 'ya'yansu ya kasance da wannan tashe-tashen, fanshon nawa ne kuma yana zuwa ko ba ya zuwa. Ku haɗa da limaman unguwa da malaman zaure namu da suke kwana a asibiti da marasa lafiyar mutane ba wanda ya san sunansu. In kun sa ranar ku sanar da wuri, zan tara yaran shago mu saurara tare.

Naku,
Wani tela daga Jidda